Ina Makomar Mazan Jiyan Da Yaƙi Ya Naƙasa?

Ran 15 ga watan Janairu na kowace shekara shugabannin ƙasar nan sukan taru a Abuja da manyan biranen jihohi don tunawa da mazan jiya. A ajiye furanni a gindin mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a busa bigila, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru, kana kowa ya kama gabansa. Al'ada ce mai kyau, ba kuwa mai ja da ita, gama wanda ya ba da ransa domin ƙasa ya cancanci fiye da haka. Amma akwai wasu mazan jiyan da ba su kwance a kabari, ba su kuma cikin masu fareti. Su ne waɗanda suka tafi fagen fama da ƙafa biyu suka komo da ɗaya, ko suka baro idanunsu can, ko nakiya ta taɓa musu laka har ba su iya tashi sai an ɗaga su. Mamaci dai addu'a yake bukata, da a riƙe masa iyali. Shi kuwa wannan yana nan da ransa, yana da mata da 'ya'ya, gobe da safe kuma sai an ɗora tukunya a gidansa.

Tun daga 2009, lokacin da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, sojojinmu ba su huta ba. Daga Arewa maso Gabas aka ƙara musu da 'yan bindigar dazuzzukan Zamfara da Katsina da Neja. Yaƙi ne na kwanton ɓauna da nakiyoyin da ake binnewa a hanya, irin wannan makami kuwa, in bai kashe ba, gaɓa yake cirewa. Wanda ya taɓa shiga asibitin soja na 44 da ke Kaduna ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. In mai karatu bai manta ba, can ne Yarima Harry na Ingila ya je ya gai da majiyyata cikin watan Mayu na 2024, bayan Nijeriya ta aika da sojojinta masu rauni gasar Invictus da aka yi a Jamus a 2023, har suka ciwo lambar zinariya. Abin alfahari ne. Sai dai 'yan ƙalilan ne za su je gasa, kuma ko su ɗin, in an tashi daga filin wasa gida za su koma.

Abin lura shi ne yawancin waɗanda ke sahun gaba kurata ne da ƙananan masu igiya, samari 'yan shekara ashirin da wani abu zuwa talatin da 'yan kai. Da yawansu daga makarantar sakandare suka wuce Difo a Zariya, ba su san wata sana'a ba sai riƙon bindiga. Fansho kuwa da girman muƙami da yawan shekarun aiki ake auna shi, saboda haka wanda rauni ya katse wa aiki da wuri shi ne mai ƙaramin rabo, ko da an haɗa masa da ɗan ƙarin da ake yi saboda naƙasa. Ga shi ranar da aka sallame shi zai bar gidan bariki ya nemi na haya. Ga tsadar kaya da ta biyo bayan janye tallafin mai a 2023. Yaron da aka sallama yana da shekara 28 yana iya yin wata arba'in a duniya, in Allah ya yi masa tsawon rai. Ba wanda zai ce a zaunar da namiji shekara arba'in yana jiran ƙarshen wata, in dai ana so ya tsira da mutuncinsa a idon matarsa da maƙwabtansa.

Ba yau muka fara gamuwa da wannan matsala ba. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da suka komo bayan 1945, masu sa'ar cikinsu ne suka sami aikin masinja, ko ɗan doka, ko gadin kantunan Turawa. Sauran suka koma gona, waɗanda jikinsu bai iya noma kuwa suka zama nauyin dangi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo da abin da ya fi haka nesa ba kusa ba, gama rundunar da ba ta wuce mutum wajen 10,000 ba kafin yaƙi ta kumbura har ta kai kimanin 250,000. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi shelar sulhu da gyara da sake gina ƙasa, aka kuma keɓe wata cibiya a Oshodi ta Legas don kula da sojojin da suka naƙasa da koya musu sana'a. Na ɓangaren Biyafara aka tara su a Oji River ta jihar Inugu ta yanzu, inda matafiya suka shekara da shekaru suna ganinsu jere a bakin titi cikin kekunan guragu suna miƙa hannu. Wannan hoto ya isa ya nuna abin da kan faru in an warkar da ciwo aka tsaya nan.

Ita cibiyar Oshodi tana nan har gobe, amma aikinta ya sake. Daga baya an mai da ita wurin shirya sojojin ƙasa da na ruwa da na sama da ke gab da ritaya, inda sukan yi kwas na wata 6 suna koyon kiwon kaji da kifi, ɗinki, kafinta, walda, harhaɗa sabulu da makamantansu. Ba mu raina wannan ba. To, amma samanjan da ya cika shekara 35 yana aiki, da lafiyarsa da garatutinsa a hannu, bukatarsa dabam take da ta kurtun da ya rasa hannun dama. Na farkon jari da shawara yake nema. Na biyun sai an fara gano abin da jikinsa zai iya, a koya masa rubutu da hagu in ta kama, a daidaita masa kayan aiki, a kuma samo wanda zai yarda ya ɗauke shi. Daɗin daɗawa, abin da akan sanar ranar bikin yaye ɗalibai shi ne yawan waɗanda suka gama kwas. Takardar shaida kuwa ba ta sayen gero. Lissafin da ya kamata a riƙa yi shi ne mutum nawa ke cin abinci da sana'ar bayan shekara guda.

A nan yana da kyau mu leƙa Amurka, ƙasar da ta daɗe tana fama da wannan al'amari, ta kuma yi irin kuskuren da muke magana. Tun 1918 majalisarsu ta kafa dokar koya wa sojojin da suka naƙasa sana'a, aka sabunta ta a 1943, sa'an nan a 1980 aka faɗaɗa ta yadda manufar shirin ta zama samun aiki da iya riƙe kai. Duk da haka ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnatinsu ya yi ta sukar shirin cikin shekarun 1980 da 1990, cewa ma'aikatansa sun fi ƙwazo wajen tura mutane makaranta bisa ga sama musu aiki. Sai bayan rahoton wani kwamiti a 2004 aka raba shirin hanya biyar: mai komawa tsohon wurin aikinsa, mai neman aiki nan take, mai kafa sana'ar kansa, mai bukatar dogon karatu, da kuma wanda rauninsa ya yi tsanani har abin da ake nema masa shi ne ya iya zaman gida ba tare da dogara ga kowa ba. Kowane tsohon soja ana haɗa shi da jami'i guda mai ba shi shawara, su zauna su rubuta tsarin da ya dace da shi. Gwamnati ta biya kuɗin makaranta da littattafai da kayan aiki da na abinci, har tsawon wata 48. Tana kuma iya biyan rabin albashinsa na wata 6 ga kamfanin da ya ɗauke shi, don mai kamfani ya gwada ya gani da idonsa. Ba a rufe fayil ɗin mutum a ce an gama da shi sai ya yi aƙalla kwana 60 a bakin aiki. Wani zai ce ai Amurka kuɗi gare ta. Gaskiya ne, amma jami'i mai bin sawun mutum da ƙa'idar kada a rufe fayil sai an ga aiki ba su ne masu cin kuɗi ba.

Mu ma fa muna da doka. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka kafa musu hukuma a 2020. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su ba naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, kowa kuwa ya san yawan ofisoshin da har yanzu sai an ciccibi gurgu a hau da shi bene. Game da kashi 5 ɗin nan, an saka wasu kalmomi cikin dokar masu ma'anar gwargwadon iko, waɗanda suka zama ƙofar da duk shugaban ma'aikatar da bai ga dama ba zai bi ya fice. Ba ta kuma ɗora wannan kaso a kan kamfanoni masu zaman kansu ba.

Ingila ta taɓa bin wannan hanya. Dokarsu ta 1944, wadda aka yi domin sojojin yaƙin duniya na biyu, ta wajabta wa duk mai ma'aikata 20 ko fiye ya ba naƙasassu kashi 3 cikin 100. Cikin shekara hamsin waɗanda aka gurfanar saboda saɓa mata ana iya ƙirga su da yatsu, har aka soke kason da dokar 1995. Abin dariya, ko kuwa na takaici, ayyukan da aka keɓe wa naƙasassu su kaɗai a ƙarƙashin waccan doka biyu ne tak: tsaron na'urar hawa bene da gadin wurin ajiye motoci. Ashe ba mu kaɗai ne muka ɗauka tsohon soja gadi kawai ya iya ba. Jamus ita ta ɗauki wata dabara. A can mai ma'aikata 20 ko fiye dole ya cika kashi 5, in bai cika ba ya biya haraji kowane wata a kan kowane gurbin da ya bari, kuɗin kuma a zuba su cikin asusun da ake gyara wuraren aiki da sayen kayan aikin naƙasassu. A 2024 an kai harajin har Yuro 720 a wata ga babban kamfanin da bai ɗauki ko mutum ɗaya ba. Mai kamfani yana iya kau da kai daga wa'azi, amma akantansa ba zai bar shi ya manta da wannan ba.

A ganinmu rundunar soja ita ya kamata ta fara nuna misali. Ba kowane mai rauni ne ya kamata a sallama ba. Wanda ya rasa ƙafa yana iya zama akawu, ko mai kula da sito, ko ma'aikacin sadarwa, ko mai sarrafa jirage marasa matuƙa, ko malamin kurata, wa kuwa ya fi shi sanin abin da zai gaya musu game da nakiya? Bayan haka, 'yan kwangilar da ke ɗinka wa soja kaki da takalma, da masu kai abinci da gina barikoki, kuɗin tsaro suke ci, ba zalunci ba ne in an sa musu sharaɗin ɗaukar tsofaffin soja masu rauni kafin a ba su aiki. Ya kuma kamata a ce akwai reshen koyar da sana'a jingine da asibitin Kaduna da na Maiduguri, yadda koyo zai fara tun mutum yana jiyya, kafin zaman banza ya karya masa zuciya, kuma ba sai ya bar iyalinsa ya tafi Legas ba.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Sojan da ya kwashi gawar abokinsa gunduwa-gunduwa yakan dawo da firgita da rashin barci da saurin fushi, wani ma ya faɗa shaye-shaye. Irin wannan ko an sama masa aiki, in ba a haɗa da likitan ƙwaƙwalwa ba, wata biyu ya yi yawa zai yi faɗa da maigidansa a kore shi, a ce tsofaffin soja ba su da hali. Shi ya sa bin sawu bayan ɗauka yake da muhimmanci kamar ɗaukar kanta.

Kada a manta, waɗanda ke bakin daga yau suna da waya a aljihu, suna kuma jin labarin abokansu da aka kwantar a Kaduna. Abin da ya sami wancan shi suke aunawa ranar da aka ce su shiga gaba a hanyar da ake zaton an binne nakiya. Saboda haka aikin da ke gaban Majalisar Tarayya shi ne ta share kalmomin gwargwadon iko daga dokar 2019, ta sa haraji a kan wanda ya ƙi cika kaso, ta kuma wajabta wa Ma'aikatar Tsaro ta riƙa kawo mata lissafi kowace shekara kafin a amince da kasafinta: soja nawa aka sallama saboda rauni, nawa aka koya wa sana'a, nawa ne kuma har yanzu suke bakin aiki bayan wata 12.