Dokin Wales: Kafin Alhaji Ya Zuba Kuɗinsa

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a nan Agege, wani aminina ɗan kasuwa da muka daɗe tare a Legas ya ja ni gefe ya miƙo mini wayarsa. Hoton bidiyo ne na wani ingarma akawal, mai fararen ƙafafu da kaurin wuya, geza na tashi sama, yana wata irin sassarfa kamar ba ya taɓa ƙasa, ga wani Bature riƙe da ragama yana gudu a gefensa iya ƙarfinsa. Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Welsh Cob ake ce masa. Shi zan sayo wa yaron nan, an ce mini ba shi da faɗa, ko ƙaramin yaro zai iya hawa." Yaron da yake nufi shekararsa 12, kuma iyakar hawan da ya taɓa yi shi ne na dawakin bakin teku da ake ja da hannu.

Na ce masa, Alhaji, kada ka saya. To da yake a tsaye muke, ga rana, ban samu na yi masa bayani yadda ya kamata ba, shi ya sa na ga bari in rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ne irin wannan hoto ya ruɗa ba.

Shi dai wannan doki asalinsa ɗan yankin Wales ne da ke yammacin Birtaniya, ƙasar tuddai da ruwan sama da sanyi, kuma gundumar Ceredigion ce ta fi shahara da kiwonsa. A 1901 aka kafa ƙungiyar masu kiwon dawakin Wales, wadda ke riƙe da littafin asalinsu har yau. Sun kasa su kashi 4, daga A zuwa D. Na Alhaji shi ne kashi na D, babbansu, wanda tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa dole ya haura santimita 137, kuma ba a yanka masa iyaka ta sama ba. Suna karɓar kusan kowane launi, amma ban da danda. A da can shi ne komai na manomin Wales: ya yi huɗa a gona, ya ja keken doki zuwa kasuwa, ran Lahadi ya kai iyali coci. Har ana ba da labarin cewa kafin a fara ba ingarmu lasisi, akan gwada su da sassarfa daga Cardiff zuwa Dowlais, doguwar tafiya ta hawan tudu, gwanayen cikinsu su kai kafin awa 3. Wato ke nan tun fil azal an zaɓe shi ne saboda ƙarfi da zafin nama, ba saboda sanyin hali ba.

Inda ruɗanin yake shi ne kalmar nan ta cob. A bakin Turawan Birtaniya, duk wani gajeren doki kakkaura mai ƙarfin ƙashi cob ne, kuma da yawa daga cikinsu, musamman dandan nan masu gashi buzu-buzu a ƙafa, sun yi suna wajen haƙuri, su ake ba 'yan koyo. Sai mutum ya ji Welsh Cob ya ɗauka duk kanwar ja ce. Su kansu Turawan da yawa sun faɗa wannan rami, ballantana Bahaushen da ya gani a waya.

Idan ka bi abin da masu riƙe da shi suke faɗa, za ka tarar sun rabu gida biyu, har ka rantse ba doki ɗaya suke magana a kai ba. Wasu su ce ba su taɓa ganin doki mai amana irinsa ba: ya san mai shi, ga kaifin hankali, abin da ka koya masa yau ba ya mantawa, yana tsallake shinge, yana jan keke, yana yini a daji ƙafarsa ba ta zamewa. Waɗannan ko ka ba su dawaki goma ba za su yi musaya ba. Wasu kuwa kuka suke yi da shi: wai leda ce iska za ta kaɗa a bakin hanya, sai ya yi tsalle gefe guda yana huci kamar ya ga kura, wai in ya gane hannunka ba ƙwari, sai ya ja ka da ragama ya kai ka inda ya ga dama, in kuma ya kafe, to ya kafe. Ba banza ba suke masa laƙabi da dodon nan mai aman wuta da ke jikin tutar Wales.

Ni a ganina duka ɓangarorin biyu gaskiya suka faɗa, kuma hali ɗaya suke bayyanawa. Kaifin hankalin da ke sa ya koyi abin kirki da wuri, shi ne ke sa ya koyi iya shege da wuri. Ya turje sau ɗaya, yaro ya ji tsoro ya sauka, to ya gane hanyar da zai huta ke nan, gobe ma haka zai yi. Mafi yawan masu yabonsa mutane ne da suka tashi cikin dawaki, suna ba shi aiki kusan kullum, suna da dokar da ba ta canzawa. Masu kukan kuwa galibi waɗanda suka saye shi ne a matsayin dokin farko, suka ɗaure shi ana ta zuba masa abinci, ana hawa sau ɗaya a mako. Ban ce babu masu sanyin hali a cikinsu ba. Akwai, musamman waɗanda suka manyanta a hannun gwani. Amma irin waɗannan mai su ba ya saurin rabuwa da su, kuma ba daga hoton bidiyo ake gane su ba.

Shi ma bidiyon da Alhaji ya nuna mini, da alama daga babban bikin noma na Royal Welsh aka ɗauko shi, wanda ake yi duk watan Yuli a Llanelwedd kusa da garin Builth Wells. Ranar Laraba ce ranar ingarmun, jama'a su cika fili maƙil suna tafi da ihu, dokin kuma ya ƙara hura hanci yana ɗaga ƙafa. Abin da ake nema a wannan fili shi ne wutar nan. Kamar mutum ne ya ga jafi a hawan Daushe a Kano ya ce ga dokin da zai ɗora jaririnsa.

Sannan akwai abin da mu kanmu ya kamata mu duba. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da zafi, kuma horonmu ya fi karkata ga a nuna wa doki ƙarfi. Dokin da aka hore shi da sassauƙan linzami, ga shi da saurin harzuƙa, in aka fizge shi da namu, abu mai sauƙi ne ya tashi tsaye ya faɗo ta baya da wanda ke kansa. Wannan ba maganar asarar kuɗi ba ce, maganar ran yaro ce.

Ko da ma an dace da mai kyan hali, ina za a kai shi? Dokin da aka gina don sanyin tuddai, inda ko a tsakiyar lokacin zafinsu awo bai cika wuce digiri 20 da 'yan kai ba, a kawo shi Legas mai digiri 30 da gumin da ba ya bushewa. Ga sammore da tsando ke kawowa, wanda tun zamanin kakanni shi ya hana doki yaɗuwa a Kurmi. Ga annobar dawakin Afirka da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ke yaɗawa, wadda namu na gida sun ɗan saba da ita, amma baƙon doki daga Turai tana iya kashe 9 cikin 10. 'Yan wasan folo na Ikoyi da ke shigo da dawakin Ajantina ba don sun fi kowa kuɗi kawai suke iya riƙe su ba. Suna da likitocin dabbobi, da allurar riga-kafi, da barga mai kyau, da masu kula dare da rana. Ga kuma abinci. Dokin Wales ya saba rayuwa da 'yar ciyawar tudu, abu kaɗan ke sa shi ƙiba, ƙibar kuma ita ke jawo masa mugun ciwon kofato da ake kira laminaitis, wanda kan gurgunta doki har a rasa yadda za a yi da shi. Mu kuwa alamar mutum na son dokinsa ita ce ya cika masa akushi da dawa da dusa safe da yamma.

Na san abin da Alhaji yake so. Yana so yaron da aka haifa a Agege ya san sirdi da likkafa kamar yadda kakansa ya sani, ya je gida da Sallah a gan shi a kan doki ba ya rawar jiki. Wannan buri ne mai kyau, ni ma ina da shi a kan nawa. Shi ya sa na yi masa waya jiya na ce in ya amince, in muka je gida ƙarshen shekara, mu nemi tsohon doki ɗan ƙasa wanda yara suka riga suka koyi hawa a kansa, mu je da yaron ya hau sau uku ko huɗu a gaban idonmu kafin a yi maganar kuɗi. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, na ji. Amma fa ka ga yadda yake ɗaga ƙafar nan?"