Daga Lourdes zuwa Tafadek: wa ake gina wa gidan wanka?

A ƙauyen Vals da ke cikin tsaunukan ƙasar Suwis akwai wani gidan wankan ruwan zafi da masu zanen gine-gine ke zuwa kallo daga ko'ina a duniya. Peter Zumthor ne ya zana shi, aka buɗe a 1996. An gina shi da faifan dutse wajen 60,000 da aka fasa a nan kwarin garin, kuma rabinsa a binne yake cikin gangaren tsauni. Mai zuwa wanka yana bi ta wani dogon lungu mai duhu, inda ruwan maɓuɓɓuga ke zuba daga famfuna a jikin bango, sannan ya sauka matakala a hankali zuwa tafkunan wanka, haske na shigowa ta ƴan siraran tsaga a rufi. Akwai ruwa mai digiri 14, akwai mai digiri 42. Waɗanda suka shiga sukan kwatanta wurin da ɗakin ibada, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Zumthor ya gina ƙananan majami'u biyu da suka yi suna, ɗaya a Suwis ɗaya a Jamus.

Wannan salo ya samu magoya baya. Mai zanen da aka ba aikin gidan wanka a Turai yau yana da inda zai yi aro: ziyarar ibada ta Kiristoci da yadda suke girmama ruwa. Akwai doguwar tafiya kafin a isa, akwai tuɓe takalmi da tufafi, akwai shiru, akwai tsoffin wuraren baftisma da ake sauka cikinsu ta matakala. Duk ana iya mayar da su bango da rufi da haske. Ba ni da ja da wannan aro. Abin da ke damuna shi ne ana ɗaukar kamannin ziyarar, a bar mutumin da aka yi ta dominsa, wato majiyyaci marar hali.

A duba Lourdes, a kudancin Faransa. A 1858 wata yarinya ƴar shekara 14, Bernadette Soubirous, ƴar gidan talakawa, ta ce Maryamu ta bayyana gare ta sau 18 a wani kogo da ke bakin kogin Gave. Ranar 25 ga Fabrairu ta tona ƙasa a cikin kogon, ruwa ya fito. Magajin garin na lokacin ya so a ce ruwan na da sinadaran magani, don Lourdes ta shiga sahun garuruwan wankan ruwan zafi da ke kusa, irin su Cauterets da Bagnères, masu samun kuɗi daga baƙi. Aka kai ruwan ga wani farfesa a Toulouse mai suna Filhol, ya auna, ya ce ruwan sha ne kamar kowane. Ko zafi ba shi da shi, digiri 12 ne. Ke nan burin magajin gari ya rushe, amma miliyoyin mutane na zuwa garin kowace shekara har yau.

Gidan wankan da ke can, wanda aka gina a tsakiyar shekarun 1950, ba ya cikin gine-ginen da ake buga hotonsu a mujallu. Bahon dutse 17 ne, 11 na mata, 6 na maza, da labule, da bencina a waje inda ake jira. Sai dai duk abin da ke ciki an tsara shi ne a kan jikin da ba ya iya tsayuwa. Ana kawo marasa lafiya cikin ƴan kekuna shuɗɗa da masu aikin sa-kai ke ja, su ake fara shigarwa. Ana ɗaura wa mutum zane kafin ya tuɓe gaba ɗaya, saboda haka ba a ganin tsiraicin kowa. Mutum biyu ke riƙe shi, ɗaya dama ɗaya hagu, ya sauka, ya fito, abin bai cika wuce minti ɗaya ba. Wanda ba ya tafiya, ɗaukarsa ake yi. Ba a biyan ko dala. Faɗin ƙofa, da filin da aka bari a gefen baho don masu taimako su tsaya, da rashin tudu a hanya, su ne zanen.

Mai karatu Musulmi zai iya cewa me ya haɗa mu da wannan. Ba maganar aƙida nake ba, kowa da addininsa. Amma wanda ya taɓa tura tsohuwarsa a keken guragu cikin cunkoson Makka, yana neman inda za ta sha zamzam, ya san cewa a wurin da jama'a ke zuwa da rauni da fata, tsarin hanya ma ibada yake taimakawa ko ya hana.

Abu na biyu da Lourdes ta yi, wanda na fi ganin darajarsa, shi ne ta ajiye likitoci a bakin ƙofar mu'ujiza. Tun 1883 akwai ofishin likitoci da ke bin diddigin duk wanda ya ce ya warke. An kai masa labarin warkewa sama da 7,000, amma waɗanda cocin Katolika ta amince da su a matsayin mu'ujiza kaɗan suka haura 70. Wurin da ke rayuwa da imanin mutane ya kafa wa kansa mai ƙaryata shi. A kwatanta da masu tallar magani a tashoshinmu, waɗanda kwalba guda ke warkar da basir da hawan jini da sammu.

Ba wai komai ya tafi daidai ba. Marubuci Émile Zola ya je garin, kuma a littafinsa na 1894 ya bayyana ƙazantar ruwan da ake tsoma masu gyambo ɗaya bayan ɗaya ba a sauya ba. A 2013 kogin Gave ya yi ambaliya ya cika kogon da laka. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe bahunan, aka koma wanke hannu da fuska da kurɓar ruwan. Shi kuwa ruwan zafi haɗarinsa ya fi haka: a garin Bath na Ingila an rufe wuraren wanka a 1978 bayan wata yarinya ta rasu sakamakon ƙwayar cuta mai rayuwa a ruwan ɗumi, mai shiga ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Sai a 2006 aka buɗe sabon gidan wanka a garin. Tsarkin da mutane ke ba ruwa ba ya kashe ƙwayar cuta.

To ina labarin Vals? Jama'ar ƙauyen ne suka mallaki wurin, su suka ɗauki Zumthor aiki. A 2012 suka kaɗa ƙuri'a suka sayar wa wani attajiri ɗan garin, shi mai zanen ma yana cikin masu neman saye amma bai samu ba. Yau gidan wankan wani ɓangare ne na otal ɗin masu hannu da shuni. Duhun yana nan, shirun yana nan, dutsen yana nan.

Dalilin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne Tafadek, maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke arewa da Agadas, cikin tsaunukan Abzin. Mutane sun daɗe suna zuwa can, daga jahohin ƙasar nan har da ƙasashe maƙwabta, masu ciwon gaɓoɓi da masu cutar fata, su yi kwanaki suna wanka. Su ma tafiya ce mai nisa suke yi da guzuri da fata, akasari tare da ɗa ko jika mai riƙe su. Duk ranar da hanya ta gyaru, hankali ya kwanta, wani zai zo da zanen gyara wurin, kuma wataƙila da kuɗin ƴan uwanmu mazauna ƙetare za a yi. Zanen da zai fi saurin burge ido a Facebook shi ne mai kama da Vals.

Ni dai da za a tambaye ni, zan ce a fara da abin da ba ya fitowa a hoto. A auna ruwan a ɗakin bincike, a liƙa sakamakon a bango da Hausa da Tamajak da Faransanci, a riƙa maimaitawa. A raba ɓangaren mata da na maza, kowanne da ƙofarsa da inuwar jira, domin a ƙasarmu macen da ba ta amince da suturar wuri ba, ba za ta shiga ba ko da ciwo zai kashe ta. A yi baho ƙanana da ake zubar da ruwansu bayan kowane mutum, maimakon babban tafki guda na kowa da kowa. A ajiye ma'aikacin jinya da zai auna jini kafin a shiga, don ruwan zafi na iya kayar da mai ciwon zuciya, kuma mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji zai ƙone bai sani ba. Shi ne kuma zai faɗa wa mutum kada ya jefar da maganin likita don ya yi wanka. A ɗaga ginin daga hanyar ruwa, tunda duk wanda ya tuna ambaliyar Agadas ta 2009 ya san abin da ƙoramun Abzin ke yi da damina.

Kyan gini kuma ba sai an je Suwis nemansa ba. Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina masallaci da ɗakin karatu a Dandaji, jahar Tawa, da tubalin ƙasa da hannun maginan gida, kuma duniya ta yaba. Sanyi da inuwa da shiru, maginin ƙasa ya san su tun kafin siminti.

Saura maganar mallaka, wadda ita ce ta kuɓuce wa mutanen Vals. Kafin a aza tubali ko ɗaya, a rubuta a takarda cewa maɓuɓɓugar ta jama'ar yankin ce, ba a sayar da ita, kuma akwai bahunan da majiyyaci zai shiga kyauta ko da kuɗi kaɗan a kowace rana. Mai son gina otal ya gina can gefe, ya sayi ruwa a hannun gari, kuɗin ya biya albashin ma'aikacin jinya da masu wanke baho.