Goro Ba Takarda Ba Ne

Jama'a, akwai wata al'ada da ta yi kanta a ƙasarmu ta Jega da Aliero da Maiyama, wadda ya kamata a faɗe ta a fili. Mutum zai ga daji ko kwari, ya kai wa mai unguwa goro da dare, ya sunna wa malamin daji ɗan abin sawa aljihu, gari na wayewa sai ka ji gatari, ka ga ana jibga ƙasa ana cike hanyar ruwa. In ka tambaye shi izni, sai ya ce ai ya gai da manya.

To, gaisuwa dabam, izni dabam. Tun dokar ƙasa ta 1962, zamanin En'e, ƙasar Arewa tana hannun hukuma ne amana saboda jama'a. Da aka rushe En'e a 1976, aka kafa dokar 1978, sai amanar ta koma hannun Gwamna, aka ba ƙaramar hukuma ikon ba da iznin noma a karkara. Ita ma ikonta bai wuce hekta 500 ba ga mutum guda, sai da yardar Gwamna. Ina goron dare a cikin wannan?

Wani zai ce, zuwa ofis wahala ce, yau a ce je ka dawo, gobe a ce malamin ya tafi rangadi. Gaskiya ne, kuma ma'aikacin da ke ɓoye takarda sai an shafa masa hannu, ɓarawo ne, ko da ya sa babbar riga. Amma wa ya ɓata shi? Mu ne masu miƙawa. Ran da aka yi masa canjin wuri, ko mai unguwan ya riga mu gidan gaskiya, wa zai tsaya maka gaban alƙali?

Ku dubi kuma ɓarnar. Wanda ya cike kwari bai kashe ruwa ba, kora shi ya yi gonar maƙwabcinsa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020, yadda ta cinye shinkafar fadamun Kabi, ya san ruwa ba ya karɓar toshiyar baki. Wanda ya sare burtali kuwa, shi ya gayyato shanu cikin dawarsa, da rigimar da ke biyo su.

Saboda haka, ɗan'uwa manomin Gehuru, tun da Allah ya sa ka yi yaƙi da jahilci, karatunka ya amfane ka. Fara da dagaci da rana tsaka, gaban shaidu da maƙwabtan iyaka. Rubuta takardar neman izni da hannunka, ka ajiye kwafinta. Duk kuɗin da ka biya, ka karɓi rasit ka karanta shi. In an hana ka rasit, kai ma hana kuɗinka, ka kai kuka gaba. Goro a baki yake ƙarewa, takarda kuwa jikanka zai gaje ta.