Birkin Gaba da Birkin Baya: Wanne Zai Fara Kamawa?

A wannan wata zancenmu na birki ne, domin Yawunde gari ne na tudu da gangara, kuma 'ya'yanmu da yawa a Briketeri da Messa da tuƙin tasi suke ci.

Tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan gyara suka yi tsada, kamfanin bas na SOTUC kuma ya rufe a 1995, tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Duwala su ne suka ɗauki garin nan. Wasunsu haɗe-haɗe ne: ƙafar gaba daga wannan mota, ta baya daga waccan. A Ingila ma akwai masu sayen mota gunduwa-gunduwa su haɗa a gida, irin Caterham Seven, amma su ba sa wasa da rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. Mu kuwa in kusoshi sun shiga rami, shi ke nan, an gama aiki.

To, ga yadda abin yake. Idan direba ya taka birki, nauyin mota gaba yake zubowa, baya ya yi sakayau. Saboda haka tayoyin gaba ke yin wajen kashi biyu cikin uku na aikin tsayawa. Idan na gaba suka fara ƙamewa, mota za ta zame ta miƙe. Idan kuwa na baya suka riga su, sai gindin mota ya juyo, ta yi kwana da kanta, musamman a gangaren Febe da damina. Shi ya sa masu ƙera mota suka sa wani ɗan bawul da ke rage matsin man birki zuwa baya. Wasu makanikai sukan cire shi su yar, wai ba ya aikin komai!

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ɗaya dabarar. Birkin baya na yoyon mai, mai mota ba kuɗi, sai a daddatse bututun da guduma a toshe shi. Yoyo ya tsaya, gaskiya ne. Amma an bar wa gaba dukan aikin, ga fasinja cike, ga buhunan Kasuwar Mokolo a but. A doguwar gangara birkin gaba zai yi zafi har ya daina kamawa.

Gwajin ba ya cin ko dala. Bayan kowane gyara, a sami fili mai jar ƙasa inda ba yara, a tafi a hankali, a taka birki da ƙarfi, wani yana tsaye gefe yana kallo. Tayoyin gaba ya kamata su fara jan ƙasa, na baya su biyo, hagu da dama daidai. A gwada mota ba kaya, a sake gwadawa da kaya. In tayar baya ba ta bar shaida ko kaɗan ba, a leƙa ƙarƙashi a bi bututun da hannu.