Ko Mai Rake a Gaɓa Yake Sara

Jama'a, yau da masu buga mana littattafai a kwamfuta nake, da 'yan'uwana marubuta masu ɗaure musu gindi. Maganar ita ce yadda ake datse kalma idan layi ya ƙare. Na san wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, mai karatu zai gane. To ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai bugu ya umarci kwamfuta ta daidaita gefen shafi, ita kuwa da ƙa'idar Turanci aka saita ta, sai ta shiga saran kalmominmu yadda take saran na Bature. Sai ka ga Kat- a ƙarshen layi, sina a ƙasa. Ka ga tak-was, fus-hi, mat-sala, Bag-wari. Don Allah wane Bahaushe ne ke furta su haka? A Hausa ts da sh da kw da gw da ky tagwayen baƙaƙe ne, ido na ganin biyu, baki na furta ɗaya. Wanda ya raba su ya fasa harafi ne. Daidai shi ne Ka-tsi-na, ta-kwas, fu-shi, ma-tsa-la, Ba-gwa-ri. Kowace gaɓa tamu da baƙi take farawa, wasali ya biyo, wani lokaci wani baƙin ya rufe. Inda baƙi ya ninku kuwa, tsakani ake bi: han-nu, sas-sa-fe. Ko mai rake a gaɓa yake sara.

Wani kuma ko karan-ɗorin ba ya sawa, sai ya tsinka kalma ya wuce abinsa. Ka rubuta cewa abin da ya kai mutane dajin Kamuku itace, a bugo maka ita a sama, ce a ƙasa. Shi ke nan, masu neman makamashi sun koma masu bin mace! Haka masu ke zama ma su, kuma ta zama ku ma.

Sai taƙaitattun sunaye. Bature da kansa ba ya yarda a raba irin su INEC ko WAEC ko NECO a layi biyu, don ba kalmomi ba ne masu gaɓoɓi, haruffan farko aka tattara. Amma a shafukanmu za ka ga WA- nan, EC can. Mu nan mun saba rubuta B/Gwari, kamar yadda ake rubuta T/Wada da S/Gari. Sai a bar B/ shi kaɗai a bakin layi kamar maraya. Haba!

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunayen garuruwanmu. Shekara da shekaru ƙasar Birnin Gwari tana cikin labarai saboda 'yan bindiga, har aka yi sulhun ƙarshen 2024. Kuyello, Dogon Dawa, Randagi, Kakangi, waɗannan garuruwan mutane ne da suka binne 'yan'uwansu. Wanda zai ba da labarinsu, ko a jarida ko a ƙagagge, mafi ƙarancin ladabi shi ne ya rubuta sunan garin a yadda mai garin zai karanta bai yi tuntuɓe ba.

Kada kuma a ce Hausa ba ta da ƙa'ida. Tun 1912 Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk don a daidaita rubutun nan. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, babu kwamfuta ko ɗaya, amma akwai masu duba rubutu. Yau ga na'ura, ga ganda.

Mu da ake kira 'yan adabin kasuwa mu ne abin ya fi shafa. Yarinya nawa ce ta ƙware a karatun Hausa ta hanyar littattafanmu? Abin da ta gani a shafi shi za ta ɗauka daidai.

Maganin ba shi da tsada. Mai bugu, ka kashe saran nan na kwamfuta. In kalma ba ta shiga ba, ka tura ta layi na gaba ɗungurungum. In dole ne sai an raba, a bi gaɓa, a sa karan-ɗori. Kai kuma marubuci, kada ka biya kuɗin bugu sai ka karanta shafi-shafi. Sunanka ne a bangon littafin, ba na mai kwamfuta ba.

Allah ya sa mu gyara, amin.