Maruru a Cikin Jijiyar Zuciya

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ji an ce, "Jiya ma ya je gona lafiyarsa ƙalau, yau ya yanke jiki ya faɗi." Wasu su ce jifa ne, wasu su ce iska. Ina so ku san abin da yakan faru a ƙirjin irin wannan mutum, domin ciwon ya daɗe yana tafe.

Zuciya tana da nata ƙananan jijiyoyin jini masu ciyar da ita, cikinsu kuwa sumul yake. Hawan jini, hayaƙin taba, ciwon sukari da yawan kitse a jini suna ƙuje cikin jijiyar a hankali. Kitse ya shiga ta nan ya kwanta a bangonta. Sai fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki, su taru su cinye kitsen, su cika, su mutu a wurin. Wurin ya kumbura kamar maruru mai 'yar fata a samansa. Kumburin ya yi ta cin fatar nan har wata rana ta fashe. Nan take jini ya daskare, hanya ta toshe, naman zuciya ya soma mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya.

Marurun fata yana zogi, shi ya sa kuke zuwa asibiti. Na cikin jijiya ba ya zogi, kuma yakan fashe tun bai tare rabin hanya ba. Saboda haka jin ƙarfi ba shaidar lafiya ba ne, kuma siriri ma bai tsira ba.

A shekarar 2017 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a kan mutum fiye da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya. Waɗanda aka yi wa allurar rage kumburi, ciwon ya ragu wajen dawo musu, alhali kitsen jininsu bai sauka ba. Amma ku ji ni da kyau: allurar nan daban take da diclofenac ko ibuprofen da ake sayarwa a tebur ranar kasuwa. Yawan shan waɗannan yana ɗaga hawan jini, yana ɓata ƙoda, yana ƙara haɗarin bugun zuciya. Kada ku sha su kullum don gajiyar noma.

Abin da ke kwantar da kumburin yana hannunku. Ku bar taba, ta sha da ta leɓe. Ku rage gishiri da dunƙulen miya. Uwargida ta yi girki inda hayaƙi ke fita. Ku zo a auna jininku ko ba ku jin komai. In ya kai 140/90, a sake aunawa. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini, sukari ko kitse, kada ya daina don ya ji sauƙi. Sauƙin daga maganin yake.

In kun ji ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, ciwon yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa, ga numfashi sama-sama, kada ku ce gyambon ciki ne, kada ku nemi wanzami, kada ku jira gari ya waye. A yi addu'a a kan hanya, a kawo shi asibiti nan da nan. Jiki amanar Allah ce a hannunmu.