Kyanwar Da Labarinmu Ya Kashe

Yau ba za mu taɓa maganar ƙa'idojin rubutu ko zubi da tsari ba. Ƙorafi muka zo da shi, kuma a kanmu muke yin sa, don haka duk wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, da mu da shi duk jirgi ɗaya ne ya ɗebo mu.

Kwanakin baya mun je gaisuwa wani gida a Kibiya, muka tarar da wata yarinya 'yar aji biyar na sakandare ta ci kuka ta ƙoshi. Kyanwarta ce ta mutu. Da muka bi ba'asi, sai ta nuna mana wani labari a wayar yayarta, irin wanda ake sakewa shafi-shafi kullum da daddare. A cikinsa akwai 'yar wani attajiri da aka ce wai a Rano take, tana da wata dabba da ake kira feret, wadda aka kawo mata daga Ingila. Dabbar ta ƙi cin ɗanyen nama, sai jarumar ta kulle ta a ɗaki kwana huɗu babu abinci, a rana ta biyar ta fito ta cinye nama tas, gashinta ya koma sheƙi, saurayi ya yaba da jajircewar budurwarsa. Yarinyar nan ta ɗauki wannan a matsayin ilimi. Kyanwarta mai ƙiba ce, ta saba da shinkafa da romon kifi, ita kuwa tana so ta zama irin ta labari. Ta rufe ta a ɗakin ajiya, ta riƙa ajiye mata guntun naman da ta sayo da kuɗin tararta. Kyanwa ta shinshina ta kau da kai. Bayan kwanaki aka buɗe, aka ba ta shinkafar ma ta ƙi, cikin kunnenta da dasashinta suka yi rawaya, ba ta ƙara mako biyu ba.

Ba za mu faɗi sunan labarin ko na mai shi ba, domin ba tozarci ya kawo mu ba, kuma da yawanmu mun taɓa yin irin wannan a wani fannin. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya rubuta shafin nan bai taɓa ganin feret ba, bai kuma taɓa zama ya lura da kyanwar gidansu ba. Bidiyo ya gani a TikTok ko YouTube, ya kwaso rabi ya bar rabi, ya zuba mana a Rano.

Bari mu fara da shi feret ɗin. Dabba ce siririya mai dogon jiki, danginsu ɗaya da bodari da dage da muka sani a dajinmu. Turawa sun fi shekara 2,000 suna kiwon sa, asali don ya shiga rami ya koro musu zomo. Nama zalla yake ci, hanjinsa gajere ne, abin da ya ci kan fita cikin awa 3 zuwa 4, shi ya sa ba ya jure yunwa ko ta wuni guda. Yana kuma da wata ɗabi'a: abin da hancinsa ya saba da shi kafin ya cika wata shida, shi kaɗai yake ɗauka a matsayin abinci. Idan ya girma a kan busasshen abincin kanti, ka ajiye masa tsoka, kallon ta zai yi kamar ka ajiye masa dutse. Masu kiwon sa na haƙiƙa kan niƙa nama da ruwa ya zama kamar kunu, su shafa masa kaɗan a baki, su riƙa cuɗa shi da abincin da ya sani, a hankali har tsawon makonni, wani lokaci watanni. Babu mai hankali a cikinsu da ke kulle shi kwana huɗu. Sannan ga babbar magana: feret ba ya yin gumin da zai sanyaya masa jiki, zafi ya haura digiri 30 yana iya sheƙewa. Mu da muka san Rano a watan Afrilu, lokacin da duwatsu ke mayar da zafin rana har bayan isha'i, ma'auni na taɓa 40, ga wuta ba ta zama, mu faɗa wa kanmu gaskiya, kwana nawa wannan dabba za ta yi a garin?

To mu dawo kan wadda muke da ita. Babu unguwar da za ka shiga a Rano ko Rurum ko Tarai ka rasa kyanwa, musamman gidan da ke da rumbu ko buhunan masara. Ita ce 'yar'uwar feret a wajen ci, domin ita ma Allah bai halicce ta don tuwo ba. Dubi fiƙoƙinta, dubi turamenta, babu na niƙa ko ɗaya, duk na yanka ne. Akwai wani sinadari da ake kira torin, wanda jikin mutum da na kare ke iya haɗawa da kansu, amma jikin kyanwa ba ya haɗa wanda zai ishe ta, sai ta samo shi daga nama, musamman zuciya. A 1987 likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar cewa rashinsa na sa zuciyar kyanwa ta buɗe ta saki, an kuma riga an san yana makantar da ita. Daga nan kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara shi a kayansu.

Wani zai ce ai kyanwar kakarmu ta shekara goma a kan ɗumame, ba ta makance ba. Gaskiya ne, amma ba ɗumamen ya riƙe ta ba. Da dare ya yi tana bayan rumbu, tana cin ɓera da ƙadangare da fara da 'yan tsuntsaye, kuma tana cin su ne dungurungum, da ƙashi da hanta da zuciya. Tuwon nan ƙari ne kawai. Matsala ta fara ne da muka koyi rufe kyanwa a falo mai tayil, muka hana ta farauta, sannan muka ci gaba da ba ta ragowar shinkafa da miya. A miyar kuma akwai albasa da tafarnuwa, waɗanda ke fasa mata ƙwayoyin jini. Madarar da jarumanmu ke zuba wa kyanwa a faranti a kowane labari, ita ma yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. Don haka masu cewa kyanwa na buƙatar nama ba su yi ƙarya ba. Inda muka raba gari da su shi ne yadda ake yi, da kuma wane nama.

Na farko, horon yunwa. Karin maganar nan ta cewa yunwa ba ta da zaɓi, ba da kyanwa take ba. Idan kyanwa, musamman mai ƙiba, ta yi kwanaki ba ta ci ba, jikinta kan kwaso kitse ya tura hanta, hanta ta kasa sarrafa shi, ya cushe ta. Daga nan ko an kawo abincin ba za ta iya ci ba, shawara ta bayyana a ido da kunne. Alamomin da aka kwatanta mana a Kibiya ke nan. Kyanwar da ta yi kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, wurin likitan dabbobi ya kamata a nufa da ita, ba a ƙara mata kwana ba. Hanyar da ke aiki ita ce ta haƙuri: a yanka naman ƙanana, a cuɗa ɗan kaɗan cikin abin da ta saba, a ba ta da ɗan ɗumi domin ƙamshi ya tashi, bayan kwana biyu ko uku a ƙara naman a rage wancan. Ta ƙi, a koma baya taki ɗaya. Abin da ta bari a kwashe, kada ya wuni a kwano. Sannu ba ta hana zuwa. Tsirfar kyanwa ba iyayi ba ne, tsoron baƙon abu ne, kuma shi ke kare ta daga guba a waje.

Na biyu, shi kansa ɗanyen naman. Baturiyar da ke cikin bidiyo daga firiza take ciro nata, wadda ba ta taɓa mutuwa ba tun da aka jona ta. Namu fa? An yanka da asuba, ya hau tebur, rana ta dake shi, ƙuda ya yi zamansa, mu saya da la'asar. Mu muna tsira ne domin muna tafasa shi. Ɗanyen nama na ɗauke da ƙwayoyin da ke sa amai da gudawa, kuma ba a kan kyanwa suke tsayawa ba, suna bin kwano da wuƙa da hannun yaron da ke rarrafe. Akwai kuma ƙwayar tokzoplazma, wadda kyanwa ke ɗauka daga ɗanyen nama ta fitar a kashinta, idan mai juna biyu ta kamu tana iya yin ɓari ko jaririn ya samu lahani a ido ko ƙwaƙwalwa. Sai murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, ta kuma shigo gonakin Kano. Cutar na kama kyanwa. A Disambar 2024 hukumomin Jihar Oregon a Amurka suka sanar da mutuwar wata kyanwar gida da ita, bayan ta ci ɗanyen abincin kanti na naman talotalo, can inda ake da firiza da komai. Mu kuwa a nan, kazar da ta mutu a akurki ita ake jefa wa kyanwa da kare.

Na uku, tsoka kaɗai ba abinci ba ce. Ɗan kyanwar da aka raina a kan jan nama zalla ƙashinsa kan yi laushi har ya karye, domin kalsiyam ɗin da ke cikin tsoka kaɗan ne ƙwarai. Hanta kuma idan ta yi yawa kullum, takan sandarar da wuya da gaɓoɓi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Abin da ya fi dacewa da gidajenmu mai sauƙi ne: a tafasa zuciya da ƙundu da guntayen da mahauci ke warewa, ko ƙananan kifin Tiga, babu gishiri babu magi babu albasa, a ba ta har da romon domin torin na fita cikin ruwa, hanta kaɗan jefi-jefi. A tambayi likitan dabbobi yadda ake ƙara garin ɓawon ƙwai, da maganin tsutsa da allurar rigakafi.

Mun san abin da wasu za su ce: ai ƙirƙira ce, labari ba asibiti ba ne. Mun yarda marubuci na da damar ya sa aljani ya tuƙa mota. Mai karatu ya san wannan ƙarya ce, ba zai gwada ba. Amma idan ka ambaci Rano, ka ambaci dabba mai rai, ka nuna an yi kaza an samu kaza, ka fita daga tatsuniya ka shiga koyarwa, ko ka so ko ba ka so. Masu karatunmu da yawa 'yan mata ne da samari waɗanda labaran waya su ne karatunsu na kullum. Ka sa jarumarka ta kulle dabba idan labarin ya buƙata, amma ka bar abin da zai biyo baya ya biyo. Da dabbar nan ta mutu a shafi na gaba, jaruma ta zauna da nadama, da labarin ya fi daɗi, da kuma kyanwar Kibiya na nan da ranta.

Wasu kuma za su ce mutane na fama da abin sawa a tukunya, ku kuna maganar kyanwa. Wannan ma hujjarmu ce. Yarinyar nan kuɗin tararta ta hana cikinta ta sayi naman da ya ruɓe a ɗakin ajiya. Mu muka nuna mata cewa wayewa ita ce kwaikwayon gidan da ba ta taɓa gani ba. Kuma duk ɗan makarantar allo ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Abin kunya ne a ce marubucin Hausa ya mayar da wannan aikin jarumta.

Cutar da ke damun mu ita ce raina abin da ke ƙofar gida. Muna ganin ba a yin labari da kyanwar rumbu ko karen farauta, sai da dabbar da ko sunanta ba mu iya faɗa ba. Abubakar Imam da ya tashi neman mai ba da labari a Magana Jari Ce, aku ya ɗauko, tsuntsun da masu karatunsa suka sani. Kayan aro ba ya rufe katara. A Rano akwai mahauta da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, akwai mafarauta da suka san abin da ake ba kare kafin fita da bayan dawowa, akwai makarantar fasahar karkara ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano, akwai malaman dabbobi. Sallama ɗaya da tambaya uku sun ishe ka shafi goma da babu wanda ya taɓa rubutawa.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya zaɓi dabba ɗaya da ke unguwarsu, ya lura da ita kwana uku: me take ci, yaushe, me take ƙi, wa take gudu, wa take bi. Ya tambayi mutum ɗaya da ya fi shi sanin ta. Sannan ya rubuta shafi ɗaya, kada ya sa ko jimla guda da bai gani ko bai tambaya ba. Mu da muka rubuta wannan za mu fara kawo namu, a kan 'yar kyanwar da aka samo wa yarinyar Kibiya daga gidan maƙwabta, wadda yanzu take cin tafasasshen ƙundu, take kuma kwana a bakin rumbu.

Sai mun ji daga gare ku. Allah ya ƙara basira.